Ciwon Agara: Nasiha Ga Masu Gudun Asuba A Batsari Da Safana

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar Asuba a garin Batsari ya san ayarin samarin nan da ke bin gefen kwalta da gudu, wasu da kambas na gwanjo, wasu da takalmin roba, wasu ma da silifas. Haka abin yake a Safana da Runka. Kaɗan ne daga cikinsu ke gudun don nishaɗi. Mafi yawa shiri suke yi na ranar da za a buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda, ko kuma rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023. A bayansu, can nesa, akwai irinmu dattawa da likita ya tsorata da hawan jini, muna ja da ƙyar muna haki. A wannan mako ina so in yi magana da su da mu baki ɗaya a kan wata jijiya guda da dukanmu muka ɗora wa rayuwarmu, amma ba mu san hakkinta ba. Ina nufin agara.

Agara ita ce jijiyar nan mai kauri da ke bayan idon sawu, wadda ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya. Kowa ya taɓa ganin irinta a mahauta, domin ta nan ne mahauci ke rataye akuya idan zai feɗe ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfinta. A jikin ɗan Adam babu jijiyar da ta kai ta kauri da ƙarfi. Tsawonta ya kai kimanin santimita 15, kuma masana sun auna cewa a lokacin gudu takan ɗauki nauyin da ya ninka na jiki sau shida zuwa takwas a kowane taku. Ma'ana, saurayi mai kilo 60 yana aza wa agararsa abin da ya kai buhun masara huɗu duk sa'ad da ƙafarsa ta dira ƙasa, kuma a gudun kilomita biyar zai yi haka sau dubbai.

Sai dai wanda ya duba agara a faifan mahauci zai lura da wani abu: fara ce fat, ba ta da jini kamar tsoka, kuma ita ce ke daɗewa a tukunya kafin ta nuna. Haka take a jikin mai rai. Jinin da ke kai mata kaɗan ne, musamman a tsakiyarta, daga santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, kuma nan ne ciwon ya fi kama masu gudu. Tsoka takan saba da sabon aiki cikin 'yan makonni, numfashi ma haka, amma agara sai ta ɗauki watanni. Daga nan matsalar take farawa. Mutum zai ji ƙirjinsa ya buɗe, cinyoyinsa sun yi ƙarfi, sai ya ƙara nisa ya ƙara sauri, alhali jijiyar da ke ɗauke da shi tana can baya ba ta iso ba.

Turawa suna kiranta jijiyar Akilis, sunan wani jarumi a tatsuniyoyin Girkawa. Wai uwarsa ta tsoma shi a wani kogi tun yana jariri don kada ƙarfe ya kama shi, amma ruwan bai taɓa dunduniyar da ta riƙe shi da ita ba, kuma ta nan kibiya ta same shi ta kashe shi. Wani masanin sassan jiki mai suna Philip Verheyen ne ya rubuta wannan suna a littafinsa a 1693. Mu ma da muka tashi muna jin labarin mazajen Ruma irin su Ɗanwaire mun san cewa a yaƙin dā, wanda ya sari agarar doki ya gama da mahayinsa.

Ni kaina na san wannan ciwo, kuma wauta ce ta jawo mini shi. Na fara gudu ne bayan na haura shekara 45, da likita ya ce ko dai in motsa jiki ko in ƙara yawan ƙwayoyin da nake sha. Na fara da kilomita uku, sau uku a mako. Da na ji daɗin abin, cikin wata guda na mayar da shi kullum, na kai kilomita takwas, na kuma bar kwalta na koma hanyar gona mai rairayi don ƙura da babura sun dame ni. Ban san cewa gudu a rairayi da hawan tudu sun fi komai wahalar da agara ba.

Alamar farko ta zo ne da sanyin hunturu. Idan na sauko daga gado zan tafi alwala, taku goman farko sai in ji bayan ƙafata ta dama ya sandare kamar busasshiyar igiya. Kafin in isa masallaci ya saki. Idan na fara gudu ya ɗan yi zafi, in jiki ya ɗumama ya ɓace, da yamma ya dawo. Wannan ɓacewar ita ce yaudarar ciwon agara, domin tana sa mutum ya ce ai ba komai ba ne. Na yi wata biyu a haka. Daga baya wurin ya yi wani ɗan kumburi kamar ƙwallon dabino, in na matsa shi da yatsu biyu sai na yi ƙara.

Na bi duk hanyoyin da mutanenmu ke bi. Na sayi ƙwayar kashe zafi a kemis, ta kashe zafin, na ci gaba da gudu, ciwon ya ci gaba da cin wurinsa a ɓoye. Na shafa man zafi. Wani aminina ya kai ni wurin wanzami aka yi mini ƙaho a sha-raɓa, aka ce mataccen jini ne. Da duk suka gaza, sai na yi fushi na ajiye takalmi na zauna mako shida ban yi ko sassarfa ba. Zafin ya kwanta, na yi murna, na koma gudu, a kwana na uku ya dawo kamar jiya ya tafi. A nan ne na haƙura na shiga mota zuwa Katsina wurin likitan gashin ƙashi.

Abin da ya gaya mini shi ne dalilin wannan rubutu. Ya ce: "Malam, kuskure biyu ka yi, kuma kishiyoyin juna ne. Da farko ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, daga baya ka hana ta aiki gaba ɗaya. Jijiya ba ta warkewa da zama, raguwa take yi. Abin da take so shi ne nauyi daidai gwargwado, kullum, ana ƙarawa sannu a hankali." Ya kuma bayyana mini cewa a ciwon da ya daɗe, zaren jijiyar ne ke hargitsewa ya yi rauni, shi ya sa maganin kumburi ba ya kai wa ga tushen abin.

Atisayen da ya koya mini yana da tarihi. Wani likitan ƙashi a birnin Umeya na ƙasar Suwidin, Håkan Alfredson, shi ma mai gudu ne, kuma ciwon agara ya addabe shi. Labarin da ya shahara shi ne ya nemi a yi masa tiyata aka ƙi, sai ya shiga wahalar da jijiyar da gangan don ta tsinke a rasa yadda za a yi da shi, amma maimakon ta tsinke sai ta fara samun sauƙi. A 1998 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 15 masu wannan ciwo, kuma bayan mako 12 dukansu sun koma gudunsu.

Ga yadda ake yi. Ka tsaya a bakin matakala ko dakali ko bulo mai ƙwari, gaban ƙafarka a kai, dunduniya a iska, hannunka dafe da bango. Ka ɗaga jikinka sama da taimakon lafiyayyar ƙafa, sa'an nan ka ɗauke ta, ka sauko a hankali a kan mai ciwon kaɗai har dunduniya ta gangara ƙasa da bakin dakalin. Saukowar ce maganin, saboda haka kada a yi ta da garaje. A ƙirga uku kafin a kai ƙasa. Sau 15, a huta, a maimaita har zagaye uku da gwiwa a miƙe, sa'an nan wasu zagaye uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Safe da yamma, jimla 180 ke nan a rana, har mako 12. Wanda ya ga 180 sun yi masa yawa a farko ya fara da abin da zai iya, ko da ɗagawa da ƙafa biyu ne a ƙasa, ya riƙa ƙarawa. Idan atisayen ya daina yi maka wuya, ka goya jaka ka zuba tiya ɗaya ta gero, bayan mako ka ƙara wata. Ni da gero na yi nawa, har yara a gida suka riƙa cewa Baba ya koma dako.

Akwai togaciya mai muhimmanci. Idan zafin a can ƙasa yake, daidai inda jijiyar ta manne da ƙashin dunduniya, to kada a bar dunduniya ta gangara ƙasa da dakali, domin hakan matse jijiyar yake yi a jikin ƙashi ya ƙara fama ta. Mai irin wannan ya yi atisayensa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya guji takalmi mai taurin baya, ya kuma sa ɗan abin da zai ɗaga dunduniya kamar santimita ɗaya a cikin takalman biyu.

Tambayar da kowane mai gudu ke yi ita ce, shin sai na daina gudu? A 2007 wata masaniya 'yar Suwidin, Karin Silbernagel, ta nuna cewa ana iya ci gaba da gudu daidai kima muddin ana sauraron zafin. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ka auna zafin daga sifili zuwa goma. In bai wuce biyar ba a lokacin motsa jiki, kuma washegari da safe ya koma yadda yake, kuma ba ya ƙaruwa daga mako zuwa mako, to kana kan hanya. In ka tashi da safe ƙafar ta fi jiya sandarewa, jiya ka wuce gona da iri, sai ka rage. Takun farko na Asuba shi ne alƙalin da ba ya karɓar toshiya. Amma wannan awo ba ya yiwuwa ga wanda ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi kafin ya fita, domin ya toshe bakin mai ba shi labari. Balle kuma masu shan tiramol don su ƙara juriya; waɗannan suna sayen gudun yau ne da ƙafar gobe, ban da sauran bala'in da ke tattare da ita.

Wata huɗu na yi kafin in koma kilomita biyar ba tare da ɗingishi ba. Na ɗauka na rufe wannan babi, sai ga shi ya sake buɗewa a gidan ƙanwata da ke aure a wani ƙauye na ƙasar Safana. Ɗanta na fari, mai shekara 20, ya sa rai da aikin soja. Ba shi da wani buri da ya wuce wannan tun ranar da suka kwana a cikin gero shi da uwarsa da ƙannensa saboda mahara. Da na je duba su na gan shi yana taka ƙafa ɗaya da dabara. Na tambaye shi, ya ce: "Kawu, ba komai, ɗan targaɗe ne." Na sa shi ya zauna a tabarma na matsa agarar, sai da ya riƙe hannuna. Gudu yake yi safe da yamma da takalmin roba, saura mako biyar a yi tantancewa.

Da na ci gaba da bincike sai na ji abin da ya tayar mini da hankali. Mako biyu kafin nan ya yi zazzaɓi, wani mai kemis ya ce taifot ne ba tare da gwajin jini ba, ya ba shi ciprofloxacin, wadda kowa ke kira sifro, ya haɗa masa da dexamethasone wai don ya ji ƙarfi. Jama'a, a kula da wannan. Sifro da 'yan'uwanta irin su levofloxacin da ofloxacin suna iya raunana jijiya har ta tsinke, kuma agara ce suka fi kamawa. Tun a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan haka a jikin kwalinsu. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon ƙoda, da wanda ya haɗa su da magunguna irin dexamethasone ko prednisolone, kuma yana iya bayyana ko bayan an gama shan maganin da watanni. Ba cewa nake yi maganin ba shi da amfani ba. Yana ceton rai idan likita ya rubuta shi a inda ya dace. Amma wanda yake shan sa ya ji bayan ƙafarsa ya fara ciwo, ya dakata da shi, ya daina gudu, ya koma wurin likita a canza masa wani. Haka nan kada kowa ya yarda a soka masa allurar kashe kumburi a cikin jijiyar kanta.

Na ɗauki yaron zuwa asibiti. Likita ya duba ya ce jijiyar ba ta tsinke ba, amma in ya shiga gudun tantancewa a wannan hali, komai na iya faruwa. A hanyarmu ta komawa bai ce mini uffan ba sai da muka wuce Dutsin-Ma. Sa'an nan ya ce: "Kawu, kai kana da albashi. Ni in na bari wannan ta wuce, me zan ce wa Inna?" Ban sami amsa mai daɗi ba. Abin da na iya gaya masa shi ne, ƙa'idar shekarun shiga soja ga wanda ba shi da sana'ar hannu daga 18 ne zuwa 22, saboda haka yana da sauran dama, amma agara guda biyu kacal gare shi. Ya bar tantancewar ta wuce. Ya yi mako uku ba ya ɗaukar wayata, uwarsa ma ta yi mini sanyi-sanyi, kuma ban ga laifinsu ba, domin shekara guda ba ƙaramin abu ba ce a gidan da ake jiran mai kawo cefane. Yanzu yana mako na tara a kan dakalin ƙofar gidansu, da jakar gero a bayansa, ya kuma fara gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu.

Don ya san abin da ya kauce wa, na ba shi labarin Yakubu Aiyegbeni. A ƙarshen watan Nuwamban 2008, yana tsakiyar ganiyarsa a ƙungiyar Everton, agararsa ta tsinke a wasansu da Tottenham, kuma da dukan likitocin Ingila da kuɗin da ke bayansa sai da ya rasa sauran kakar wasan baki ɗaya. David Beckham ma haka ta same shi a watan Maris na 2010, ya rasa gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu. Liu Xiang na ƙasar Sin, zakaran gudun tsallake shinge, ciwon agara ne ya fitar da shi daga fili a gaban mutanen ƙasarsa a gasar Olamfik ta 2008. In waɗannan sun durƙusa, ina ga yaron da asibitin ƙashi mafi kusa da shi sai an yi tafiyar sa'o'i?

Ya kamata kowa ya san alamar tsinkewa, domin ita ba ta jiran atisaye. Mutum zai ji kamar an jefe shi da dutse ko an shaure shi ta baya, wani lokaci har da ƙara, ya waiwaya bai ga kowa ba. Ba zai iya ɗage a kan yatsun wannan ƙafa ba, ko da yake yana iya ɗingisawa, abin da ke sa a ce targaɗe ne. Gwajin mai sauƙi ne: ya kwanta rubda ciki, ƙafafunsa sun zarce bakin gado, a matse naman sha-raɓarsa. In jijiyar lafiya take, tafin ƙafar zai motsa da kansa. In bai motsa ba, ta tsinke. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. Ina girmama masu ɗori, na ga karayar da suka gyara, amma ja da murɗa ba abin da za su yi wa tsinkakkiyar jijiya illa su ƙara nesanta bakunanta. A hana shi takawa, a kai shi asibiti a ranar ko washegari, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In an zo da wuri, sau da yawa ana iya haɗa ta da filasta ko takalmi na musamman ba tare da tiyata ba. In an yi makonni, aikin ya zama babba. Haka kuma idan sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi ba tare da dalili ba, ko wurin ya yi ja da zazzaɓi, wannan wani ciwo ne daban, a garzaya asibiti.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a yankinmu. Hausawa na cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mu da ke maƙwabtaka da dajin Rugu mun ga sa gudu da idonmu. Mun san mutanen da ba su taɓa sa kambas ba amma sun yi gudun da babu wanda ya auna nisansa, cikin dare, da goyo a baya. A irin wannan wuri lafiyar ƙafa jari ce ga manomi da mai tallan rogo a kasuwar Alhamis, ba ga mai neman kaki kaɗai ba. Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana su nemi a riƙa turo likitan gashin ƙashi ko da sau ɗaya ne a wata, a kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gwajin matse sha-raɓa, wanda ba ya cin ko sisi. Masu kemis kuma su ji tsoron hakkin jama'a, su daina miƙa sifro ga duk wanda ya ce kansa na ciwo. Tsofaffin sojoji da malaman wasanni da ke jagorantar samarin nan da Asuba su sani cewa yaron da ya ce ƙafarsa na ciwo ba ragwanci yake yi ba.

Ku kuma samari, ga abin da na koya da tsada. Ku fara shiri wata shida kafin a buɗe ɗauka, kada ku jira sanarwa. Kada ku ƙara nisa da sauri da hawan tudu a mako guda. Ɗaya bayan ɗaya. Ku bar kwana ɗaya ko biyu na hutu a kowane mako. Ku fara da tafiya da sassarfa na minti goma kafin gudu, musamman da hunturu. Kada ku sauya takalmi ko irin ƙasar da kuke gudu a kai dare ɗaya. Ku riƙa ɗaga dunduniya a dakali sau biyu ko uku a mako tun ƙafa na lafiya. In kuma ciwon ya riga ya zo, ku faɗa tun yana ƙarami, domin na mako biyu ya fi na wata shida saurin jin magani. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Jiya da Asuba ɗan ƙanwata ya kira ni, karo na farko da shi ya fara kira tun bayan zuwanmu asibiti. Ya ce ya sauko daga shimfiɗa ya taka ƙasa bai ji komai ba, yana tambaya ko ya ƙara nisa. Na ce ya ƙara minti biyar, ya kira ni gobe da safe ya gaya mini abin da ƙafar ta ce.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.